Babban Kanti, Kasuwa ko Shagon Unguwa: Yadda Za Ka Gane Inda Kuɗinka Ya Fi Auki a Kaduna

Babu wuri guda a garin Kaduna da ya fi ko'ina sauƙi a kan komai. Manyan kantunan zamani irin na Barnawa, Unguwar Rimi da titin Isa Kaita suna kayar da kasuwa a kan wasu kaya, kasuwa tana kayar da su a kan wasu, shagon da ke bakin layinku kuma yana da nasa wurin da babu mai ture shi. Abin da ke cinye albashin magidanci shi ne ya ɗauki wuri ɗaya ya miƙa masa wuya, ya riƙa saye ido rufe saboda ya taɓa samun taliya da sauƙi a can.

Yadda babban kanti ke yanka farashi

Mai babban kanti yana ɗauke da nauyin da mai tebur a Kasuwar Barci bai san da shi ba: haya, albashin kashiya da masu gadi da masu jera kaya, firizoji da na'urorin sanyaya ɗaki da ba a kashewa, man janareta, da asarar abin da aka sace ko ya lalace. Tun da aka ɗaga kuɗin wutar rukunin A, wato layukan da aka fi ba wuta, zuwa naira 225 a kan kowane yunit a watan Afrilun 2024, wannan nauyi ya ƙaru sosai ga duk kantin da ke kan irin wannan layi. Ga kuma VAT, harajin da ake ɗorawa a kan kayan da aka saya, na kashi 7.5 cikin ɗari, wanda ya fara aiki a Fabrairun 2020. A ɗaya hannun, mai babban kanti yana saro kaya da yawa kai tsaye daga kamfani ko babban dila, don haka yakan samu ragin da ƙaramin mai shago ba zai taɓa gani ba.

Sirrin yana wajen rabon riba. Ba a ɗora riba iri ɗaya a kan kowane kaya. Akwai kayan da kowace uwargida ta haddace kuɗinsu: taliya, sukari, man girki, madara, dunƙulen ɗanɗano, katan na ruwa. A kan waɗannan kanti yakan sassauta, wani lokaci ya sayar kusan yadda ya saro, domin da su ne kake yanke masa hukuncin tsada ko araha. Ribarsa yana kwasarta a kan abubuwan da ba ka riƙe kuɗinsu a ka ba: biskit na waje, man shafawa, turaren ɗaki, robobin kicin, kayan ƙamshi na gwangwani, kek da burodin da suke gasawa a ciki, da kayan miya da aka wanke aka naɗe a leda. Shi ya sa kayan masarufi suke can ƙurya, sai ka ratsa layin kwalam kafin ka kai gare su, alewa da cakulan kuma suna daidai tsayin yaro a gaban kashiya.

Lokaci ma yana da tasiri. Kanti yana sauya farashi ne a kwamfuta, galibi idan sabon kaya ya sauka. Kasuwa kuwa da labari take motsawa. Idan kaya suna tashi, kamar yadda aka gani bayan cire tallafin fetur a Mayun 2023 da faɗuwar naira da ta biyo baya, ɗan kasuwa yana iya ƙara kuɗi da rana tsaka saboda waya ɗaya daga Kano, alhali kanti yana nan a tsohon farashi har tsohon kaya ya ƙare. Idan kaya suna sauka, musamman hatsi da kaka, kasuwa ce ke riga sauka, kanti ya tsaya jiran ya sayar da abin da ya saro da tsada. Saboda haka lokacin tashin farashi ka fara leƙa kanti, lokacin sauka ka fara da kasuwa.

Kafin ka fita daga gida

Ka rubuta kayan da gidanka ke ci a wata, ka raba su kashi uku. Kashin farko kayan awo da ɗanye: shinkafa, masara, gero, wake, doya, tumatir, attarugu, albasa, manja. Waɗannan na kasuwa ne, Bakin Dogo ko Kawo ranar Talata ko kasuwar Litinin ta Kakuri, gwargwadon inda kake zaune. Da wuya kanti ya kayar da kasuwa a nan, domin shi ma daga can ko daga kasuwannin ƙauye irin su Saminaka da Giwa kayan ke fitowa, sannan ya ɗora kuɗin leda da wuta. Kashi na biyu kayan kamfani masu hatimi: madara, sabulu, garin wanki, taliya, man girki, ƙunzugun yara, man goge baki. A nan ne ake fafatawa tsakanin kanti da 'yan sari na Kasuwar Sheikh Abubakar Gumi, kuma nan ne lissafi ke biya. Kashi na uku abin yau da gobe da ba ya jiran wata: burodi, ƙwai, ashana, sukarin shayin safe. Wannan na shagon unguwa ne.

Sai ka ware kaya kamar 15 da suka fi cin kuɗi, ka buɗe musu shafi a waya ko a littafi: sunan kaya, nauyinsa, kuɗinsa, inda ka saya, da rana. Nauyin shi ne mafi muhimmanci, kuma shi mutane ke mantawa.

Abu ɗaya da za ka yi sau ɗaya ya amfane ka shekaru: ka auna mudun mai awonka a kan sikeli. Mudu ba shi da nauyi tsayayye. Ya danganta da kwanon, da irin hatsin, da yadda aka tula shi, da ko an bubbuga gindinsa ya shige ciki. Ka sayi mudu ɗaya na shinkafa, ɗaya na wake, ka ɗora a sikelin mai kifi ko mai gas, ka cire nauyin leda, ka rubuta. Ba tare da wannan ba babu yadda za a yi ka gwada kuɗin mudu da kuɗin kilo. Ido ya san kima, amma ba mudu ba ne.

Lissafin da ke tona asiri

Ƙa'idar ɗaya ce: raba kuɗi da nauyi. Alƙaluman da ke tafe misali ne kawai, ka sa na ranar da kake saye.

A ce a kan kanta akwai madarar gari iri ɗaya a mazubi uku. Gwangwani mai giram 400 a kan naira 4,800, leda mai giram 350 a kan 4,000, babban gwangwani mai giram 800 a kan 10,400. Na farko ya kama naira 1,200 a kan kowane giram 100, na biyu kimanin 1,143, na uku 1,300. Wato babban, wanda kowa ke ɗauka da zaton ya fi auki, shi ne mafi tsada. Wannan yana faruwa fiye da yadda ake zato, sau da yawa saboda babban sabon sari ne, ƙananan kuma tsohon kaya ne da ba a taɓa kuɗinsu ba tukuna.

Ka lura da rage awo a ɓoye. Kamfani yakan bar leda da girmanta da launinta da kuɗinta, ya zare 'yan giram daga ciki. Idan littafinka ya nuna watan jiya ka sayi giram 400, yau kuma an rubuta 360 a kuɗi ɗaya, an ƙara maka kusan kashi 11 cikin ɗari ba tare da an taɓa takardar farashi ba.

Ga shinkafa: ƙaramin buhu mai kilo 5 a kanti a kan 9,000, kilo ya kama 1,800. Mudu a kasuwa 2,200, ka auna ya ba ka kilo 1.4, kilo ya kama kimanin 1,570. Bambancin kusan 230 ne a kilo, gidan da ke cin kilo 20 a wata ya tsira da kimanin 4,600. Daga nan sai ka cire kuɗin Keke zuwa da dawowa, da ɗan dako, ka kuma duba ko shinkafar iri ɗaya ce. Idan ta kasuwar tana da tsakuwa da karyayye sai an tsince, wani ɓangare na ribar ya tafi.

Man girki yana da nasa tarkon. Wata jarka da lita aka rubuta, wata da kilo, kuma ba ɗaya suke ba: lita ɗaya ta man girki ba ta cika kilo ba, tana kusa da giram 910 zuwa 920. Kwalbar da ake awo da ita a kasuwa kuwa yawanci mai santilita 75 ce, wato kwalba huɗu lita uku ne, ba huɗu ba.

Garaɓasa ma a lissafa ta. "Sayi biyu a ba ka ɗaya" ragin kashi ɗaya cikin uku ne, kuma sai ka kwashi uku. "Na biyu rabin kuɗi" ragin kwata ne kacal. Kafin ka yi murna ka juya kayan ka karanta wa'adinsa, domin mafi yawan ragin gaske a kan kayan da wa'adinsu ya kusa ƙarewa ake yin sa. Ba laifi ba ne saye, in dai gidanka zai cinye kafin ranar. Katan na madarar ruwa da ya rage mako uku ya yi wa mai shayi daidai, ga gidan mutum huɗu kuwa asara ce. Wajen karanta rana, MFD ranar da aka yi kaya ce, EXP ko BB ranar ƙarewa. Kayan gida da na Turai suna fara rubuta rana sannan wata, na Amurka kuma wata ke gaba, don haka 03/09 na iya zama watan Maris ko Satumba. Ka miƙa hannu can bayan kanta, masu jera kaya suna tura masu dogon wa'adi baya su sa masu gajere a gaba.

A gaban kashiya

Nan ne kuɗi ke zurarewa shiru. Farashin da ke manne a kanta da wanda ke cikin kwamfuta hannu biyu ne ke kula da su, kuma ba kullum suke tafiya tare ba. An ƙara kuɗi a ofis ba a sauya takarda ba. Ko garaɓasa ta ƙare jiya ba a cire allon ba. Ko takardar ta ƙaramin mazubi ce ta goce zuwa ƙarƙashin babba. Ko na'ura ta haska kaya ɗaya sau biyu. Ko kashiya ta danna lambar katan a maimakon ta guda.

Maganin ba wuya. Duk kayan da ya haura 'yan dubbai, ko mai garaɓasa, ka ɗauki hoton takardarsa tare da kayan, yadda suna da nauyi za su fito. A wurin biya ka jera irin waɗannan a gaba, lokacin da hankalinka bai rabu ba, idonka a kan allon, ba a kan waya ba. Kayan da ka ɗauka da yawa ka faɗi adadinsu da baki. Idan ka ga saɓani, kada ka jira a gama:

"'Yar'uwa, dakata kaɗan don Allah. Wannan man 6,500 na gani a kanta, ga hoton, ke kuma ya fito miki 7,200."

Amsar da aka saba ji ita ce: "Alhaji, abin da kwamfuta ta nuna ke nan, ba ni da ikon canzawa." Gaskiya ta faɗa, ba ta da iko, don haka babu amfanin ɗaga mata murya. Ka ce a kira manaja ko mai kula da layi. Dokar gasa da kare haƙƙin masu saye ta 2018, a sashe na 115, ta wajabta wa mai sayarwa ya bayyana farashin kayan da ya baje, ta kuma hana shi karɓar fiye da abin da ya bayyana. Ba magana ce ta takarda kawai ba: a Fabrairun 2024 hukumar gasa da kare haƙƙin masu saye ta tarayya, FCCPC, ta rufe kantin Sahad da ke Garki a Abuja a kan saɓanin kuɗin kanta da na wurin biya, ba a buɗe ba sai da aka yi alkawarin gyara. Yawancin manajoji sun san wannan, kuma da zarar sun ga hoto sukan daidaita.

Ka karɓi rasit, ka koma gefe ka karanta shi kafin ka ƙetare ƙofa. Ƙirga layuka, ka gwada da abin da ke cikin leda. Ka duba layin VAT: kayan abinci na asali irin su hatsi, garin abinci, ɗanyen nama da kayan lambu ba a ɗora musu wannan haraji. Rasit ɗin takarda ce da ake buga wa rubutu da zafi ba da tawada ba, rubutunta yana gogewa cikin 'yan makonni, musamman a aljihu ko a cikin mota, don haka ka ɗauki hotonsa idan akwai kayan wuta a ciki.

Farashi mai wutsiyar 990 ko 995 yana da riba biyu ga kanti: ido yana ganin 4,990 kamar dubu huɗu da wani abu, sannan babu canjin naira goma, sai a miƙo maka alewa ko a yi shiru. Biya da kati yana kashe wannan. Idan POS ya nuna bai yi ba amma alat ya shigo an cire kuɗi, ka karɓi takardar da ta nuna an ƙi, ka ɗauki hotonta, domin da ita bankinka zai bi sawu. Umarnin Babban Bankin Najeriya na 2020 ya ba bankuna sa'o'i 72 su warware irin wannan. Tiransifa kuwa a asusun da ke ɗauke da sunan kantin kawai, ba na wani ma'aikaci ba, komai dalilin da aka kawo maka.

Dokokin kanti da iyakarsu

Ajiye jaka a ƙofa da duba rasit wajen fita tsarin hana sata ne, ba raini ba ne. Ka dai cire kuɗi, waya da makulli, ka riƙe lambar da aka ba ka. Ƙayyade adadi, kamar katan biyu ga mutum ɗaya, ana yin sa ne don kada masu shaguna su kwashe kayan garaɓasa su je su sayar.

Wanda ya fi jawo rigima shi ne rubutun nan na ƙasan rasit cewa kayan da aka saya ba a mayarwa. Idan ra'ayi ka sauya, ko launi bai yi wa uwargida ba, to sai abin da kanti ya ga dama, wasu sukan yarda da musanya cikin 'yan kwanaki in ba a ɓare ba. Amma idan kayan na da aibi, ya lalace, wa'adinsa ya wuce, ko ba ya aikin da aka sayar da shi don shi, wancan rubutu ba ya shafe haƙƙinka. Dokar 2018 ta ba mai saye damar mayar da kaya mai aibi cikin wata uku, a gyara, a musanya ko a mayar da kuɗi. Duk da haka kada ka yi sanya. Injin markaɗe, dutsen guga, fanka, a jona a gwada a gabanka, a buga hatimi a katin garanti, ka ajiye kwali. Kayan ci kuwa ka koma da su a ranar, da ledarsu da rasit.

Kayan sanyi a garin da wuta ke yawan ɗaukewa suna buƙatar ido. Kaza ko kifin da ƙanƙara mai launin jini ta taru a gindin ledarsa ya taɓa narkewa aka sake daskarar da shi. Yogot mai kumburarren murfi, gwangwanin da ya kumbura ko ya lotsa a bakin haɗi ko ya yi tsatsa, a bar su ko da rabin kuɗi ne. Abinci, abin sha da man shafawa na kamfani a duba lambar NAFDAC a jiki.

Idan manaja ya ƙi sauraro, ka rubuta ƙorafi gajere: rana, lambar rasit, abin da ya faru, abin da kake nema. Ka bar musu kwafi ɗaya. In ba a yi komai ba sai ka kai wa FCCPC, suna karɓar ƙorafi ta shafinsu na intanet. Batun jabu ko kayan da wa'adinsu ya wuce kuma na NAFDAC ne.

Inda shagon unguwa ke tsaye

Ana yawan cewa manyan kantuna za su kashe ƙananan shaguna. A Rigasa, Tudun Wada, Badarawa da Unguwar Mu'azu babu alamar haka, domin abin da mai shago ke sayarwa kanti ba ya da shi: sukarin naira ɗari a ƙulle, mai rabin kwalba, buɗewa tun bayan asuba, aiken yaro da takarda, da uwa uba bashi zuwa ƙarshen wata. Sai dai wannan sauƙi yana da kuɗinsa. Ƙulli da 'yar leda su ne awo mafi tsada idan aka raba da giram, kuma mai cin bashi ba ya tayi. Mai albashi da ke biyan littafin mai shago duk wata zai ga bambanci idan ya cire kaya biyar mafi nauyi daga littafin ya saye su sari rana ɗaya, ya bar wa shago ƙananan.

Ga mai shagon kansa, gasa da kanti a kan kuɗin katan ɓata lokaci ne. Abin da ya fi kashe shaguna ma lissafi ne. A ce ka saro katan na taliya mai guda 20 a kan 17,000, kuɗin mota da dako 400. Guda ta tsaya maka 870. Ka sayar 950, ka tara 19,000, kana ganin ribar 1,600. Ka koma sari ka tarar katan ya zama 18,500. Da kuɗin mota, abin da ya rage a hannunka naira 100 ne. Haka jari ke narkewa shago yana cike da masu saye. Farashinka ya bi kuɗin da za ka sake saro kayan, don haka ka riƙa tambayar dila ta waya kafin kaya su ƙare, ba bayan sun ƙare ba.

Akwai abubuwa uku na kanti da suka cancanci a kwaikwaya. Rubuta farashi a kwali a manna, domin mai saye yana sakin jiki da wurin da yaro da babba ke biyan kuɗi ɗaya. Tura tsohon kaya gaba duk ranar da sabo ya sauka. Da karya kuɗin abin da ya rage wata ɗaya wa'adinsa ya ƙare, tun ana iya mayar da uwar kuɗi. Bashi kuma a sa masa iyaka ta adadi da ta rana ga kowane gida, a rubuta a gaban mai karɓa, kada jimillarsa ta kai inda za ta hana ka komawa sari.

Masu shaguna huɗu ko biyar a unguwa ɗaya suna iya haɗa kuɗi su sayi katan 50 a wurin dila a maimakon goma-goma, su ɗauki mota ɗaya, su raba. Ragin da za su samu da kuɗin motar da za su tsira da shi yakan rufe wani ɓangare na tazarar da ke tsakaninsu da kanti. A tsaya a kan haɗa sari kawai. Zama a yanke cewa kowa sai ya sayar a kuɗi kaza, ko a hana wani ragewa, haɗin baki ne da dokar 2018 ta haramta, kuma haramcin ya hau kan ƙungiyar 'yan kasuwa kamar yadda ya hau kan manyan kamfanoni.